Filin Tambaya da Amsa: Takalmin Atisaye da Takalmin Gasa

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kusan dukkansu kan takalmin gudu ne, don haka muka ware musu filin gaba ɗaya. Mun taƙaita wasu tambayoyin, mun kuma haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na fara gudu, sau uku a mako, kilomita biyar zuwa takwas. Lamba 43 nake sawa a duk takalmana, shi ya sa na sayi na gudu lamba 43. Yanzu farcen babban yatsana na dama ya yi baƙi, kuma da na wuce kilomita shida sai yatsuna su sage. Takalmin ne ba shi da kyau, ko ƙafata ce? Daga wani sabon ɗan gudu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙafarka lafiyarta ƙalau, takalmin ma wataƙila mai kyau ne, amma ya yi maka kaɗan. Ba a sayen takalmin gudu da lambar takalmin zuwa aiki. Idan mutum yana gudu ƙafarsa kumbura take yi, kuma duk lokacin da ta dira ƙasa takan baje, ta ƙara tsawo da faɗi, sannan ta ɗan zame gaba a cikin takalmin. In babu fili a gaba, farce ne zai riƙa karo da bakin takalmin. Lissafa da kanka: yawancin masu gudu suna yin taku 160 zuwa 180 a minti guda, wato a gudun minti 40 kowace ƙafa ta dira ƙasa fiye da sau 3,000. Wannan ɗan karon da ba ka ma jin sa, shi ne ya taru ya kwantar maka da jini a ƙarƙashin farce.

Ga yadda za ka auna. Bari sai da yamma, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta na yini. Sa safar da kake gudu da ita, shimfiɗa takarda a ƙasa bakinta yana taɓa bango, ka tsaya a kai diddigenka a jikin bangon, nauyinka duka a kan ƙafar. Wani ya ja maka layi a bakin yatsan da ya fi tsawo. Ka lura, ba kowa ne babban yatsansa ya fi tsawo ba, wasu na biyun ne. Auna ƙafafu biyun, domin da wuya su zo daidai, kuma wadda ta fi girma ita ake saya wa takalmi. Daga nan ɗaga harshen takalmin ka duba 'yar takardar da ke manne a ciki. Akwai lambar da aka rubuta CM ko JP a gefenta, wannan santimita ce, kuma ta fi su 42 da 43 faɗin gaskiya, don 43 ɗin wannan kamfani ba lallai ta zo ɗaya da ta wancan ba. Mai ƙafar santimita 27 sai ya fara gwaji daga 27.5 ko 28.

Lambar jagora ce kawai, ƙafa ce za ta yanke hukunci. Zare shimfiɗar cikin takalmin, ajiye ta a ƙasa, ka tsaya a kanta. Ya kamata ka ga ragowar faɗin babban yatsan hannu, santimita 1 zuwa 1.5, tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakinta. Duba gefe kuma. In ƙaramin yatsa ko gindin babban yatsa ya zubo waje, takalmin ya matse ka ta faɗi, kuma ƙarin lamba ba zai gyara wannan ba, sai dai ya bar ka da dogon takalmi kana tuntuɓe. Faɗi yana da nasa haruffan: ga maza D shi ne na kowa da kowa, 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai, ga mata B ne na kowa da kowa, D kuma mai faɗi.

Sagewar yatsun nan muna zargin abu biyu, ko dai matsin faɗi ko ɗaurin igiya. Mutane da yawa in sun ji diddige yana ɗagawa sai su ja igiyar gaba ɗaya har ta shaƙe jijiyoyin saman ƙafa. Maganin yana nan a ramin nan na ƙarshe da ke can sama kusa da idon sawu, wanda kusan kowa yake bari babu igiya. Zura igiyar kowane gefe cikin wannan ramin na gefenta ka bar ɗan zobe, sannan ka tsallaka da kowane bakin igiya ta cikin zoben ɗaya gefen, ka ja ƙasa, ka ɗaure. Diddige zai zauna daram, sai ka sassauta igiyar da ke kan yatsu. Farcen kuwa ka bar shi, kada ka cire. Sabo zai turo shi cikin watanni. Riƙa yanke farce a miƙe, gajere. In ka ga ruwa ko mugunya, ko zafi mai zogi, ko kana da ciwon suga, je wurin likita kada ka jira.

Tambaya: Ina shirin gasar rabin gudun fanfalaki, kilomita 21.1, nan da wata uku, burina in gama cikin awa biyu. Abokan atisayena sun ce in sayi takalmin nan mai faifan kabon in riƙa gudu da shi kullum, wai yana rage kashi huɗu cikin ɗari na lokaci. Takalmi ɗaya kawai zan iya saya yanzu. Wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, ɗauki na atisaye. Wannan ita ce amsar a taƙaice, amma tambayar ta cancanci a warware ta, domin ita ce ta fi ruɗa mutane a 'yan shekarun nan.

Takalman biyu aiki daban aka ƙera su su yi. Na atisayen yau da kullum, irin su Nike Pegasus, Brooks Ghost, Asics Gel-Cumulus, Saucony Ride ko New Balance 880, yakan kai giram 250 zuwa 300 kowane wari. Gindinsa da faɗi, robar ƙasansa da kauri ta rufe kusan ko'ina, bayansa yana riƙe diddige, samansa da laushi. Na gasa kuwa an rage masa duk abin da za a iya ragewa, ya dawo giram 180 zuwa 220. Sosonsa mai tsawo ne, irin wanda ake kira PEBA, ba shi da nauyi kuma yana mayar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin da aka danna masa, alhali tsohon soson EVA bai kai haka ba. A tsakiyar soson an binne faifan kabon mai lanƙwasa, wanda yake hana gaɓar yatsu tanƙwarawa da yawa, yake kuma tallafe soson kada ya yi ta rawa. Robar ƙasansa siririya ce, diddigensa tsukakke. Ka riƙe takalman biyu ka murɗa su kamar mai matse wanki: na atisaye zai ɗan bi hannunka, na gasa zai ƙi kamar katako.

Maganar kashi huɗu tana da asali. A 2017 masu bincike a Jami'ar Colorado ta Amurka suka gwada takalmin da ya zama Nike Vaporfly a ƙafar ƙwararrun 'yan gudu maza 18, a saurin kilomita 14, 16 da 18 cikin awa, suka ga ƙarfin da jiki yake ƙonawa ya ragu da kimanin kashi huɗu. Kamfanin Nike ne ya ɗauki nauyin binciken, amma wasu masu binciken daga baya sun ga abin da ya yi kusa da haka. Tun daga nan tarihin gudun fanfalaki yake ta karyewa. Eliud Kipchoge na Kenya ya yi kilomita 42.195 cikin 1:59:40 a birnin Vienna na Ostiriya a Oktoban 2019, duk da ba a ƙirga shi a matsayin tarihin duniya ba saboda yadda aka tsara gudun. Tigst Assefa ta Habasha ta yi 2:11:53 a Berlin a 2023 da takalmin Adidas mai nauyin giram 138, Kelvin Kiptum na Kenya kuma ya yi 2:00:35 a Chicago a shekarar.

To amma abokanka sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Ragin kashi huɗu na ƙarfi ba ragin kashi huɗu na lokaci ba ne, abin da yake komawa agogo bai kai haka ba. Sannan kai awa biyu kake nema, wato kimanin kilomita 10.5 cikin awa. Gwajin da aka yi a saurin kilomita 10 zuwa 12 ya nuna ribar ta sauko kusan kashi ɗaya, wasu ma ba su ga komai ba. Kashi ɗaya na awa biyu daƙiƙa 72 ne. Ba mu raina su ba, amma mako biyu na atisaye da za ka rasa saboda ciwon ƙafa zai ci maka fiye da haka.

Ciwon kuwa ba tsoratarwa ba ce. Dogon soso mai laushi a kan tsukakken gindi yana sa idon sawu ya yi ta aikin daidaita kai, musamman a gudun sannu, ko a kwana, ko in gajiya ta sa takunka ya fara lalacewa. Faifan ma yana sauya inda nauyi yake sauka a ƙafa. A 2023 wasu likitocin wasanni sun wallafa rahoton 'yan gudu biyar da suka samu raunin wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafa suna amfani da irin wannan takalmin. Mutum biyar ba su isa a yanke wa takalmin hukunci ba, amma sun isa a ce a shige shi a hankali. Ga kuma saurin mutuwa: yawancin na gasa sun fara rasa tsallensu tun kafin kilomita 400, wasu ma ƙasa da haka nesa. In kana yin kilomita 35 a mako, wata ukun nan kaɗai kilomita 420 ne ko fiye. Ranar gasa za ta zo ta tarar ka cinye abin da ka saya dominta.

In daga baya hali ya yi ka sayi na gasa, ga yadda ake shigarsa: gudu na farko kilomita 5 a hankali, na biyu atisayen sauri, na uku dogon gudu na kilomita 12 zuwa 15 wanda wani ɓangarensa yake a saurin gasa. Sai ka mayar da shi kwali har ranar.

Tambaya: Yaya zan gane takalmina ya mutu? Samansa bai yage ba, kamar sabo yake, amma na yi shekara guda da shi.

Amsa: Ba saman ake dubawa ba, 'yar'uwa, kuma ba a ƙirga shi da watanni, da kilomita ake ƙirgawa. Abin da aka saba faɗa shi ne kilomita 500 zuwa 800. Mai nauyin jiki da yake dira da ƙarfi a kan kwalta zai fi kusa da 500, mara nauyi mai gudu a ƙasa mai laushi zai iya wuce 800. In kina yin kilomita 20 a mako, shekara guda ta haura kilomita 1,000.

Soson tsakiya shi ne yake fara mutuwa, ƙananan kumfan iskar da ke cikinsa su fashe su daina tasowa. Ajiye takalman a kan tebur ki duba su ta baya, idonki daidai da diddigen. In ɗaya ya kishingiɗa gefe, ya gama. Duba gefen soson: ƙananan tamoji ba komai ba ne, amma masu zurfi da ba sa miƙewa bayan kwana guda alama ce. Zare shimfiɗar ciki ki danna ƙasan da babban yatsa a daidai gindin yatsu, in kin ji ya daskare babu tsalle, ko kin ga rami, shi ke nan. Juya shi kuma, in robar ta cinye har farin soso ya bayyana, zai yi santsi a ruwa kuma zai karkatar da takunki. Jiki ma yana faɗa: ƙwauri ko gwiwa su fara ciwo alhali ba ki ƙara komai a atisaye ba.

Rubuta ranar da kika fara sa sabo a ƙarƙashin shimfiɗarsa da biro. Kuma ki sayi magajinsa tun tsohon yana da sauran kilomita 100, ki riƙa sa su bi da bi, ƙafa ba ta son canji farat ɗaya.

Tambaya: Tafin ƙafata shafaffe ne, babu kwarmi ko kaɗan. Wani mai sayar da takalma ya sa na taka takarda da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ya ce dole in sa takalmi mai tokari a gefen ciki, in ba haka ba gwiwata za ta lalace. Na gwada, yana danna min tsakiyar ƙafa kamar na taka dutse. In daure? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Kada ki daure, Malama. Takalmin da ya dame ki a minti biyar na gwaji zai azabtar da ke a kilomita goma. Takalmin gudu na zamani ba ya buƙatar a hore shi kamar na fata, in bai yi daɗi ranar farko ba, ba naki ba ne.

Karkatar ƙafa zuwa ciki bayan ta dira ƙasa ba cuta ba ce, haka aka halicci ƙafa ta riƙa shanye bugu. Shekaru da yawa ana raba mutane gida uku bisa sawun jiƙaƙƙiyar ƙafa, ana ba kowa nasa takalmin, amma da aka gwada abin bai tsaya ba. Rundunar sojin Amurka ta raba wa dubban sababbin ɗauka takalma bisa siffar tafin ƙafarsu, raunin bai ragu ba idan aka kwatanta da waɗanda aka bai wa takalmi iri ɗaya. A Denmak kuma an bi sababbin 'yan gudu 927 tsawon shekara guda, kowa da takalmi mara tokari, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna masu karkatar ƙafa daidai gwargwado ba su fi sauran jin rauni ba.

Gaskiya ɗaya dai, ba a ce tokarin ba shi da amfani ba. Wani gwaji a Luxembourg a 2016 ya ga masu karkatar ƙafa sun samu ragin rauni da irin wannan takalmin. Abin da muke ba da shawara shi ne a bi tarihin ƙafar, ba hotonta a takarda ba. In kina gudu babu ciwo, ki ci gaba da takalmi mara tokari mai faɗin gindi. In kuwa ciwo yana yawan dawo miki a gefen ciki na ƙwauri ko bayan idon sawu ta ciki, kuma takalmanki duk suna kishingiɗa ciki, to nan ne za a gwada mai tokari. Su ma iri-iri ne. Tsohon salo yana da tauraren soso a ƙarƙashin kwarmi, da alama shi kike ji kamar dutse. Sabon salo kuwa gefen soson ake ɗagawa ya rungumi diddige kamar kwano, a faɗaɗa gindin, ba tare da an danna tsakiyar ƙafa ba. Gwada aƙalla uku a zama ɗaya, ki ɗan yi gudu da kowanne, ba tafiya kawai ba. Wanda kika manta yana ƙafarki shi za ki biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambaya: Shekarata 52, na fi shekara goma ina gudu ba ciwo. Wata guda da ya wuce na sauya zuwa wani takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda aka ce ya fi dacewa da halittar ƙafa. Yanzu da na sauko daga gado da safe agarata ke ciwo, sai na ɗan taka sannan ta saki.

Amsa: Baba, sannu. Abin da ya canja shi ne tazarar tudun diddige, wato bambancin kaurin takalmi tsakanin diddige da gindin yatsu. Ana rubuta shi da milimita a bayanin kowane takalmi. In diddige 36 ne gaba kuma 26, tazarar 10 ce. Yawancin takalman atisaye suna tsakanin 8 da 12, wasu 4 zuwa 6, wasu kuma sifili, kamar naka sabon.

Babu lambar da ta fi wata a wurin kowa, kowace tana tura aikin ne zuwa wani wuri. Mai tudu yana sauƙaƙa wa agara da sharaɓa, ya ɗan ƙara wa gwiwa. Shimfiɗaɗɗe yana sauƙaƙa wa gwiwa, ya ɗora wa agara da sharaɓa da ƙasusuwan tafin ƙafa. Agararka ta shekara goma tana aiki da tsawo ɗaya, dare ɗaya aka sauke diddigen da santimita guda aka ce ta ƙara miƙewa sau dubbai kowace fita. Jijiya irin wannan ba ta sabawa da sauri kamar tsoka, watanni take ɗauka, kuma da shekaru abin yana ƙara jinkiri. Akan kawo misalin Abebe Bikila na Habasha da ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Roma a 1960 ba takalmi, amma ƙafarsa ta daɗe da sanin ƙasa kafin wannan rana.

Koma wa takalmi mai tazarar da ka saba. Rage nisan gudu da rabi na mako biyu, ka bar hawan tudu da gudun sauri. Riƙa ɗaga diddige a hankali kana tsaye, daƙiƙa uku sama, uku ƙasa, sau 15, zagaye uku, da ƙafa biyu tukuna sannan da ɗaya. In bayan mako biyu zuwa uku bai sassauta ba, ko ka ga kumburi, ka ga likita. In kuwa ka ji kamar an jefe ka da dutse a bayan ƙafa kuma ka kasa tsayawa a kan yatsu, wannan na asibiti ne a ranar. Wanda yake son sauka zuwa sifili sai ya bi mataki, daga 10 zuwa 6 tukuna, ya fara da minti goma a ƙarshen gudu, ya ƙara kaɗan kowane mako har wata biyu ko uku.

Tambaya: Wai da gaske ne ya fi kyau mutum ya mallaki takalmi biyu yana canjawa? Kuma ina gudu rabi a kwalta rabi a hanyar ƙasa mai tsakuwa.

Amsa: Da gaske ne, ɗan'uwa, in da hali. A Luxembourg an bi 'yan gudu 264 tsawon mako 22, waɗanda suke canja takalma haɗarin rauninsu ya yi ƙasa da na masu takalmi ɗaya da kashi 39 cikin ɗari. Bincike ɗaya ne, kuma bin sawun masu gudun kawai aka yi, ba masu binciken ne suka raba musu takalman ba, amma dalilin yana kama hankali: kowane takalmi yana sauke nauyi a wurinsa, canjin yana hana wuri ɗaya shan duka kullum. Saboda haka biyun su bambanta, kada ka sayi iri ɗaya launi biyu. Ɗaya mai kaurin soso don dogon gudu da ranakun sannu, ɗaya mara nauyi don ranakun sauri. Nauyi yana da tasiri, kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara kusan kashi ɗaya na iskar da jiki yake buƙata.

Busasshiyar hanyar ƙasa ba ta buƙatar takalmi na musamman, na kwalta mai cikakkiyar roba ya isa. Sai in akwai taɓo, duwatsu ko gangara mai santsi za ka nemi na daji, mai haƙoran milimita 4 zuwa 6 da kariya a bakin yatsu. Kada ka riƙa hawa kwalta da mai dogayen haƙora, za su cinye da wuri kuma za ka ji su suna tokare ka. Don rabi da rabi irin naka, mai haƙoran milimita 3 ya fi.

Tambaya: Takalmin gwanjo fa? Na ga masu kyau na manyan kamfanoni.

Amsa: Ana dacewa, amma ka sani ragowar kilomitar wani kake saya kuma ba ka san nawa ya ci ba. Wanki yana gyara sama, ba ya tayar da mataccen soso. Yi duk gwajin da muka faɗa wa 'yar'uwa a sama, na tebur da na danna yatsa. Ƙara da waɗannan: shafa cikin bayan diddige ka ji ko yadin ya huje, matsa bayan ka ji ko ya karye, lanƙwasa gaban ka ga ko gam ya saki, domin takalmin da ya daɗe a ajiye gam ɗinsa yana bushewa ko da ba a taɓa sa shi ba. Kwatanta takardun cikin harshen wari biyun, lambar samfuri da girma su zo ɗaya, sannan ka nemi lambar a intanet ka ga ko hoton da ya fito shi ne a hannunka. In wani ya fito daban, jabu ne. Jabu yakan fi nauyi, sosonsa taurare, ɗinkinsa a karkace. Sabon takalmi na samfurin bara, wanda kamfani ya riga ya fitar da magajinsa, sau da yawa ya fi gwanjon samfurin bana.

Tambaya: Yaya ake wanke shi?

Amsa: Da hannu. Cire igiya da shimfiɗa, kakkaɓe busasshiyar laka, goge da tsohon buroshi da ruwan sanyi da ɗan sabulu. Cusa masa takarda ta tsotse ruwan, canja ta in ta jiƙe, ka bar shi a inuwa inda iska take wucewa. Kada a sa shi a injin busarwa, kusa da wuta, a rana mai ƙuna ko cikin rufaffiyar mota. Zafi yana narkar da gam, yana kuma sa soso ya tsuke har takalmin ya rage girma. In za ka cire shi kwance igiyar, taka bayansa da ɗaya ƙafar shi yake karya mariƙin diddige.

Tambaya: Ina horar da matasa masu tseren mita 800 zuwa 5,000 a fili. Za su iya shiga gasa da takalmin titi mai kabon?

Amsa: A gasar da take bin dokar hukumar guje-guje ta duniya, World Athletics, ba za su iya ba, Malam. Tun Janairun 2020 hukumar ta ƙayyade kaurin takalmin titi kada ya wuce milimita 40, da faifai ɗaya tak. Na tseren cikin fili kuwa, daga 1 ga Nuwamban 2024 iyakarsa milimita 20 ce, gajeren tsere ko dogo. Hukumar tana wallafa jerin takalman da ta amince da su, a duba kafin a saya. Ƙusoshin ƙasan takalmin tseren fili kada su wuce 11 a wari, tsawonsu kada ya wuce milimita 9 a filin roba, kuma filaye da yawa milimita 6 suke yarda da shi. Ka sa yaran su yi ɗumi da sassauta jiki da takalmin atisaye, mai ƙusa sai a lokacin gudun sauri kawai, sau ɗaya ko biyu a mako, don yana gajiyar da sharaɓa ƙwarai. Masu tasowa kuma a sake auna ƙafarsu duk bayan 'yan watanni.

Tambaya: Saura kwana shida gasata ta kilomita 10, yayana ya ba ni kyautar sabon takalmin gasa. In sa shi?

Amsa: Allah ya saka wa yayanki da alheri, amma wannan karon tsohon za ki sa, muddin bai mutu ba. Kwana shida ba su isa ki gane inda sabon yake goga ba, bororo kuma a kilomita na shida ko na bakwai yake fitowa, ba a gwajin cikin ɗaki ba. Makon gasa kuwa ba makon dogon gwaji ba ne. Ajiye shi wa gasa ta gaba, ki shige shi da gudu uku kamar yadda muka bayyana. Ranar gasar ki sa safar da kika saba, wadda ba ta auduga ba don auduga tana riƙe gumi, ki yanke farce kwana uku kafin nan ba daren ranar ba, ki shafa ɗan man baselin inda kika san yana gogarki, ki yi wa igiyar ƙulli biyu ki cusa bakinta ƙarƙashin sauran.